Hannun Stanika a Jikin Zapis

Saura kwana tara a yi bikin kewaye gonaki, Dobrivoye magini ya fito da safe ya tarar da diddigar itace tsibi-tsibi a gindin zapis, jawur kamar an zubar da garin barkono. Ya duƙa ya ɗiba ya murza, sannan ya ɗaga kai. Ramuka ne a jikin bishiyar, sun fi ashirin, kowanne babban yatsa zai shige. Ga kuma wani naman kaza mai faɗin faranti ya fito a gefe ya yi zamansa kamar an gayyace shi.

"To," in ji Dobrivoye, "na shiga uku."

Duk ƙauyen da ya amsa sunansa a wajenmu yana da zapis, bishiya guda da aka sassaƙa wa gicciye, ita ke tsare gonaki daga ƙanƙara da aradu. Tamu ta Lukovo Brdo hirast ce, wato itacen oak, tsohuwa tukuf, ƙarti biyar in sun haɗa hannu ba sa kewaye ta. Ba a hawanta, ba a saranta, reshe in ya faɗo da kansa nan zai ruɓe, ba mai kai shi murhu. Ƙarfe ɗaya ne ke taɓa ta, wuƙar Fada, limamin cocinmu, ita ma sau ɗaya a shekara, ranar biki, ya sabunta gicciyen ya cike shi da kakin zuma. A bakin gonar su Dobrivoye take, kuma tun kakan kakansa gidansu ke kula da ita. Shi ya sa yake tafiya a cikin gari kamar shi ya shuka ta.

Shekara ashirin da shida da suka wuce aradu ta tsaga mata ciki, ta bar kogon da mutum zai tsaya a miƙe. Lokacin Dobrivoye yana ganiyar ƙarfinsa, shi kuwa magini in ya ga rami abu ɗaya ne ke faɗo masa a rai. Buhu huɗu na siminti ya kwaɓa, ya haɗa da fasassun bulo, ya ɗura ya shafe sumul. Gari ya fito kallo, ana ta zuga shi. Matarsa Stanika ta kawo masa kofi, tana tafe tana yi masa tsiya wai ya yi wa bishiya cikon haƙori, sai saiwa ta harɗe ta. Kofi ya yi gabas, ita kuma ta dafa ɗanyen simintin da hannun dama. Ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Ya ɗauko cokalin gini zai shafe wurin, ta ce in ya shafe ya gama cin wakenta har abada. Bai shafe ba.

Shekara uku ke nan da rasuwar Stanika. Tun daga nan kullum safiya sai ya je ya ɗora tafinsa a cikin shatin nata da ke jikin simintin, ya ba ta labarin kaji, da wanda ya mutu, da ƙaryar da Svetozar ya shara jiya. Abu ɗaya ke ba shi haushi: ɓawon bishiyar ya daɗe yana naɗowa ta gefe a hankali, har ya haɗiye rabin ƙaramin yatsan. Sau da yawa yakan yi wa ɓawon faɗa kamar yana ji.

Shi Svetozar ɗin maƙwabcinsa ne. Tare suka yi makaranta, tare suka yi soja, kuma shekara sittin ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, ko da a kan ƙarfe nawa ne. Bana shi ne shugaban shirya biki, kuma tun da aka ba shi yake yawo a kan keke da hular fita unguwa. Sai ga shi ya faka keken, ya leƙa ramukan, ya ɗaga kai ya kalli wani busasshen reshe mai kaurin ganga da ya rufa hanyar da jama'a ke bi ranar biki. Bakinsa har kunne.

"Sannu Sarkin Magina. Tsohuwar taka ta fara zubar da haƙora ke nan."

"Tari take yi. Kai ba ka tari?"

"Ni ba na faɗo wa mutane a ka. Ka san doka, mutumina. In zapis ya kama hanyar mutuwa, Fada zai sassaƙa gicciye a wata bishiyar. Ga tuffata can bakin hanya, lafiyarta lau, jiya ma na share mata gindi."

"Tuffa," in ji Dobrivoye. "Abin da akuya ke tsallakewa."

"Akuya ta tsallake, amma ba ta da tsutsa."

Ran Dobrivoye ya ɓaci, kuma tsoro ya kama shi sosai. In gicciye ya bar bishiyar nan, ta zama itace kamar kowane itace, kuma itacen da ke shirin faɗo wa hanya sare shi ake yi. Da ita da simintin da hannun, duk a rana ɗaya za su tafi.

Mu mutanen Lukovo Brdo magani ɗaya muka sani. Ciwon haƙori, barasar gida. Targaɗe, barasar gida. Saniya ta ƙi cin abinci, a ɗura mata. Saboda haka da Dobrivoye ya fito da tulun barasar da ya dafa tun shekarar auren 'yarsa, ya aro sirinjin da ake yi wa aladu allura, ba wanda ya ga abin mamaki. Sai ma kowa ya koma gida ya ɗauko tasa, don kar a ce ta wani ce ta ceci zapis. Kafin rana ta take, dattawa goma sha ɗaya sun jeru da kwalabe.

Matsalar ita ce dole a tantance wadda ta fi ƙarfi, ba a kuwa tantancewa da ido. Aka ɗura wa rami ɗaya, aka ɗanɗana. Aka ɗura wa na biyu, aka sake ɗanɗanawa don a tabbata. Wajen rami na tara sai ga ƙwaro ya leƙo, baƙi ƙirin, tsawon yatsa, da ƙahoni biyu da suka fi jikinsa tsawo. Ya tsaya a bakin ramin yana layi, ya kalli jama'a, ya faɗo tim. Wuri ya kaure da shewa. Kajin Dobrivoye suka yi caa a kansa. Ƙwari suka yi ta fitowa, kaji suka yi ta ci, har zakaran ya hau katanga ya yi cara tsakar rana ya sulmiyo ta baya. Wani ya ɗauko molonsa. Svetozar da ya zo don ya yi dariya, shi ne aka gani ya rungume Dobrivoye yana rantsuwa duk duniya ba shi da kamarsa, sannan ya ƙara da cewa tuffar dai tana nan.

A haka Leposava ta same su. Ma'aikaciyar gandun daji ce, haifaffiyar garin, mace mai shekara arba'in da wani abu wadda tun tana 'yar makaranta ba a taka ta a kwana lafiya. Fada Gavrilo ne ya kira ta a waya, shi ma ga shi a bayanta yana haki. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta kalli kwalabe, ta kalli kajin da suka baje a rana, ta kalli sirinji.

"Kawu Dobrivoye, wa ya ba da wannan shawarar?"

Hannu goma suka nuna shi.

"Ka san ƙwaron nan hukuma na kare shi? Takardunsa sun fi naka cika."

"'Yar nan, cin bishiyata yake yi."

"Ci yake yi saboda ya same ta a kwance. Matsa."

Ta ciro gudumar roba, ta nuna wa Fada don ya shaida ba ƙarfe ba ce, ta shiga kewaya bishiyar tana bugawa tana saurare. Ta baya sautin ya fito daram. Da ta matso kusa da simintin sai ya koma kamar ana buga tulu. Ta zura yatsa a tsakanin siminti da itace, ta ciro shi baƙi, jiƙe sharkaf, ta kai wa Dobrivoye hanci. Warin sai da ya wartsakar da shi.

"Ba ƙwaro ne ciwonta ba," in ji ta. "Wannan ne. Ruwan sama na shiga ta sama, ba shi da hanyar fita, iska ba ta shiga. Shekara ashirin da shida cikinta na jiƙe. Wane gwani ne ya yi wannan aikin?"

Sai Svetozar ya ƙware da dariya har ana buga masa baya. Dobrivoye ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. Abin da ya fi alfahari da shi a duk ginin da ya yi a duniya, ashe shi ke kashe ta.

Leposava ta ce bishiyar za ta iya tashi, don ta baya itacenta na da rai da kauri, amma da sharaɗi uku. A fasa simintin ruwa ya fita. A sare busasshen reshen nan kafin ya kashe wani, a rage wa na kusa da shi nauyi. Kuma a daina faka tarakta a kan saiwoyinta, a bar ganyen da ya zuba ya ruɓe a wurin. Ƙwari kuwa a ƙyale su da tsuntsun nan maƙwaƙƙwafi, in bishiya ta yi ƙarfi su da kansu za su ragu.

"A sare?" in ji wani dattijo. "Wanda ya sari zapis na ƙauyen su kakata, bai kai kaka ba bakinsa ya karkace."

Duk ido ya koma kan Fada Gavrilo. Mutum ne gajere mai tumbi da gemu har ƙirji, wanda ko kujera ba ya hawa ya sauya ƙwan lantarki. Ya shafa gemun ya daɗe yana tunani.

"Siminti ba zapis ba ne," ya ce. "Wanda ya sa shi ya cire shi, amma kar ƙarfensa ya taɓa itace ko sau ɗaya. Reshe kuwa, wuƙar Fada ce kaɗai ke taɓa ta, kuma ranar biki." Ya ga inda maganarsa ta kai shi, ya haɗiyi yawu. "Ba a dai faɗi girman wuƙar ba."

"Ba a hawanta fa, Fada," in ji Svetozar da sauri.

"Ba hawa zan yi ba. Ɗaga ni za a yi."

Ya kuma yanke cewa in ranar biki simintin bai fita ba, ko Leposava ta ce ba fata, zai wuce da wuƙarsa wajen tuffa. Svetozar ya gyara zaman hularsa.

Washegari Dobrivoye ya fito da guduma da cizal, ƙarfen fasa dutse. Ba wanda zai iya aikin sai shi, don shi kaɗai ya san inda ya sa kowane bulo. Kafin ya fara sai da ya ɗora tafinsa a cikin na Stanika.

"Kin ga abin da cikon haƙorin ya jawo," ya ce mata. "Ki yi dariyarki, na ji."

Ta ƙasa ya fara. Magini ne na gaske, abin haushin ke nan, simintin ya yi tauri kamar dutse. Kwana biyu yana ƙwanƙwasa, jama'a na zaune a inuwar katanga suna ba shi shawarar da bai tambaya ba. Ran na uku cizal ta huda. Wani baƙin ruwa ya yi tsartuwa ya wanke masa wando, ya bi hanya yana gudu, rabinsa ruɓa rabinsa barasar dattawa goma sha ɗaya. Kaji suka taho a guje, aka kore su da ƙyar. Dobrivoye ya tsaya a jiƙe yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai, yana jin kamar shi aka sauke wa kaya.

Ya ci gaba yana hawa sama, yana ɓanɓarewa guntu-guntu, yana kewaye hannun. Dabararsa ita ce ya ciro shi ɗungurungum ya kai gida ya ajiye kusa da hotonta. Ran na shida ya rage daga hannun sai ɗan abin da ke kewaye da shi, faɗin faranti. Ya kama ya jijjiga. Ko motsi. Ɓawon da ya naɗo ta gefe ya riƙe shi gam. Yanka ɗaya da wuƙa, tsawon taƙi, zai sake shi. Ya waiga, masu shawara sun tafi cin abinci, ba kowa. Wuƙar aljihunsa har ya buɗe ta.

"Kawu."

Leposava ce, ta zo duba aiki. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta zo ta shafa naɗin ɓawon da yatsa.

"Ka ga wannan? Shi ne hannun da take warkar da kanta da shi. Duk jikinta ba inda ya fi nan rai. In ka yanka, ka buɗe wa ruɓa sabuwar ƙofa. Guntun nan ba ya tare ruwa, bar mata shi."

"To zai zauna a nan?"

"Gaskiya zan faɗa maka. In ta warke, ɓawon zai riƙa tafiya da sauri fiye da da. Shekara shida, bakwai, zai rufe hannun duka. In ta mutu ne kawai zai tsaya yadda yake."

Dobrivoye ya daɗe yana kallon yatsu huɗu da rabin. Ya rufe wuƙar ya mayar aljihu, ya ɗauki tsintsiya ya shiga share kogon.

Ranar biki aka kewaye gonaki da tutoci da waƙa, aka ƙare a gindin zapis kamar kullum, burodin biki na kan tebur, rago na juyawa a kan wuta. Leposava ta shiga kogon ta fito, ta ce ya fara bushewa, akwai fata. Sai aka kawo tarakta, aka tsayar da ita nesa da saiwoyi, aka sauke bokitin gabanta. Fada Gavrilo ya cusa gemunsa cikin riga, aka ɗora masa hular kwano, aka miƙa masa zarto mai inji bayan ya yayyafa masa ruwan albarka. Ya shiga bokitin yana addu'a, kuma tun da nake ban taɓa jin ya yi ta da gaske haka ba.

"Buɗe idonka, Fada," in ji Leposava daga ƙasa. "Inda na shafa alli. Ta ƙasa tukun."

"A buɗe suke, 'yata."

"Ɗaya ne a buɗe."

Inji ya tashi. Mata suka toshe kunne, matar Fada ta juya baya. Ya yanka ta ƙasa, ya yanka ta sama, diddiga na zubo masa a ka, bokiti na rawa shi ma yana rawa. Reshen ya yi ƙara, ya juya a iska ba ta inda aka zata ba, ya sauko rim a kan keken Svetozar da ke jingine a bakin hanya. Ƙararrawar keken ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru.

Svetozar ya zabura zai ja reshen.

"A'a, maƙwabci," in ji Dobrivoye a hankali. "Ka san doka. Inda ya faɗi nan zai ruɓe."

Ranar an yi dariyar da wasu sai da aka ba su ruwa. Fada ya sauko bakinsa ya ƙi rufuwa, har yana tambaya ko akwai wani reshen. Ya rage wa na kusa nauyi, sannan ya ɗauki 'yar wuƙarsa ta kullum ya sabunta gicciyen a jikin tsohuwar hirast, ya cike shi da kaki. Aka yi rawa hannu da hannu har ƙura ta tashi, Dobrivoye ne a gaba da shekarunsa saba'in da ɗaya, yana tsalle kamar an biya shi. Keken yana nan har yau, ciyawa ta fito ta cikin ƙafarsa.

Da bazara ta zagayo, bishiyar ta yi ganyen da rabonta da shi an daɗe. Diddigar ta ragu, maƙwaƙƙwafi biyu sun tare a sama suna hana mutane barcin rana. Wata safiya Svetozar na wucewa a ƙafa, sai ya ji ana ƙwala masa kira.

"Zo ka gani, mai tuffa. Zo ka ga aiki."

Ya zo ya tarar da Dobrivoye tsaye a gaban guntun simintin, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ƙaramin yatsan ya tafi gaba ɗaya, ɓawon har ya fara taɓa na kusa da shi.

"A shekara ɗaya," in ji Dobrivoye. "Abin da da sai ta yi shekara goma. Ka ga ƙarfi ko?"

Svetozar ya buɗe baki zai yi tsiya, ya kalli fuskar mutumin, ya fasa. Ya cire hularsa ya riƙe.

"Saura huɗu," ya ce.

"Saura huɗu," in ji Dobrivoye. Ya share fuska da hannun riga, ya naɗe ƙaramin yatsansa, ya ɗora sauran a cikin nata, ya fara ba ta labarin kaji.